Baƙo a Shekarar Annoba: Daga Marisuwa Zuwa Korona a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Duk wanda ya taɓa kwana a Funtuwa ya san gari ne na mahaɗar hanyoyi. Ta Zariya ta shigo, ta Gusau da Sakkwato ta fita, ta Birnin Gwari ta gangara Kudu, ta Bakori da Malumfashi kuma ta haura Katsina. Arzikin wannan yanki namu, daga Ɗandume zuwa Kafur, daga Ɗanja zuwa Faskari, a kan waɗannan hanyoyi yake tafiya. Da yawa daga cikin hannuwan da ke noma shi, su girbe, su loda a mota, hannuwan baƙi ne. Wasu damina ɗaya suke yi su koma, wasu kuwa kakanninsu ne suka zo a jirgin ƙasa suka zauna.

Shi ya sa tarihin annoba a wurinmu ba ya cika sai an ba da labarin baƙo. Cuta ba ta tambayar mutum garinsu kafin ta kama shi, amma dokokin da ake kafawa don tare ta suna tambaya. Da zarar an ce kowa ya zauna a gida, an riga an ɗauka kowa yana da gida a inda dokar ta riske shi. In an yi shela, an ɗauka kowa yana jin harshen da aka yi ta da shi. In an zo rabon agaji, littafi ake buɗewa a kira suna. Daga marisuwa ta 1918 zuwa korona ta 2020, abubuwan nan ne suka riƙa raba wanda annoba ta wuce ta bar shi a tsaye da wanda ta durƙusar ko da bai yi tari sau ɗaya ba.

Yadda baƙi suka cika ƙasar

Kafin zuwan Turawa, Maska ce babban gari a wannan ɓangare na ƙasar Katsina, ta yi suna a saƙa da rini, Funtuwa kuwa ƙauye ce a ƙarƙashinta. Auduga ce ta juya al'amura. A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a birnin Manchesta, wadda muka fi sani da BCGA, suna neman inda za su sami auduga ba tare da dogaro da Amurka ba. Aka gwada wani iri na Amurka mai suna Allen, ƙasarmu ta karɓe shi. Aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, aka buɗe gonar iri a Daudawa, aka ja layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa har ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Hakimi ya taso daga Maska ya dawo bakin dogo, ko da yake har yau Sarkin Maska ake kiransa. Akwai ma unguwa a Funtuwa da ta gaji sunan BCGA.

Dogo da gurza suka jawo mutane. Yarabawa da Ibo da Nufawa suka zo aikin reluwe da akawu da awon auduga, daga baya suka shiga tuƙi da kanikanci da shaguna. Manoma daga arewacin Katsina da Daura, inda ƙasa ta gaji kuma ruwa bai cika wadata ba, suka gangaro neman gona mai ƙarfi. Fulani suna shigowa da shanu bayan kaka su ci karmami su bar taki. Mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa suna zuwa cin rani, Buzaye suna gadi, Zabarmawa suna yawon talla. Maguzawan ƙasar Malumfashi da Kafur kuwa suna cikin waɗanda kowa ya zo ya tarar. Da shirin noma na Bankin Duniya ya fara a Funtuwa a 1975, takin zamani da masara suka ƙara buƙatar 'yan ƙwadago, masaƙar Funtuwa da aka kafa a 1978 ta ƙara jawo ma'aikata.

Wannan cakuɗa ba haka nan ta zauna ba, tana da tsarinta. Baƙo ba ya shiga gari sai da mai masauki. Falke yana da fatomansa, mai hatsi yana da dillalinsa a kasuwa, direba yana da sarkin tasha, makiyayi yana da arɗo, almajiri yana da malaminsa, Yarabawa da Ibo suna da shugabanninsu da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya. Mai masauki shi ne adireshin baƙo, shi ne tafintansa, shi ke tsaya masa gaban mai unguwa, in ta Allah ta kasance kuma shi ke yi masa sutura ya aika gida da labari. Mu riƙe wannan mutumin a rai, domin za mu ga yadda hukuma ta riƙa tunawa da shi wani lokaci, wani lokaci ta manta.

Marisuwa ta zo da kaka

Murar da ta game duniya a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya ta sauka Afirka ta Yamma a Firitawun a watan Agusta 1918. Ranar 14 ga Satumba jirgin ruwa mai suna Bida ya kawo ta Legas. Daga nan ta hau jirgin ƙasa, wanda bai fi shekara bakwai da isa Kano ba, ta bi tasha-tasha. A lokacin dogo bai zo Funtuwa ba, Zariya ce tasha mafi kusa, saboda haka ragowar tafiyar a ƙafa da kan jaki cutar ta yi ta, tare da fatake da 'yan dako. Kafin shekara ta ƙare ta game Arewa. Kakanninmu suka sa mata suna marisuwa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe kimanin mutum 500,000 a Najeriya, ƙasar da yawan jama'arta bai wuce miliyan 18 ba a lokacin, a duniya kuma ana maganar miliyan 50.

Abu biyu suka sa ta yi wa matafiya mugun kamu. Na farko, saɓanin murar da aka saba, ta fi kayar da majiya ƙarfi, 'yan shekara 20 zuwa 40, wato daidai waɗanda ke ɗaukar kaya su bar gida. Na biyu, ta iso da kaka, lokacin da ake girbi, kasuwanni suka cika, masu cin rani suka ɗaura tafiya. Ga shi kuma shekara huɗu kacal da fita daga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda ta riga ta tarwatsa gidaje ta kora mutanen arewa kudu neman abinci.

A wancan zamani ƙidayar da hukuma ta dogara da ita ta haraji ce da jangali. Dagaci ya san magidantan da ke biya a hannunsa, in sun mutu zai ga giɓi a littafinsa. Ɗan dakon da zazzaɓi ya kayar a zauren fatoma kuwa ba ya cikin littafin garin da ya mutu, a garinsu kuma sai dai a ga bazara ta yi bai dawo ba. Irin wannan mutuwa ba ta shiga lissafi. Tun daga marisuwa aka fara wannan giɓi, kuma bai rufe ba.

Cututtukan rani

Bayan marisuwa, annobar da ta fi yi mana zarya ita ce sanƙarau. Tana zuwa da rani, in hunturu ya busar da hanci da maƙogwaro, ta tsananta da zafin bazara, ta lafa da saukar ruwa. A 1963 wani likitan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya zana yankin da take addaba a Afirka, ƙasarmu tana tsakiyarsa. Lokacinta shi ne lokacin cin rani, kuma abin da take so shi ne ɗaki ƙarami da mutane da yawa ke kwana a ciki. Wa ke kwana a irin wannan ɗaki? Leburori goma da suka haɗa kuɗin haya, almajirai a zaure, masu jiran mota a rumfar tasha.

A 1996 sanƙarau ya kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ya kashe sama da 11,000, har Saudiyya ta hana maniyyatan ƙasar nan zuwa aikin Hajji a shekarar. A cikin wannan annoba ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200 a Kano, 11 daga cikinsu suka mutu. Iyaye suka ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Ko ma yaya aka yi, tushen rigimar magana ce: me aka faɗa wa mutum, da wane harshe, kuma ya gane ko bai gane ba. Tabon ya daɗe. Yana cikin abin da aka riƙa kafa hujja da shi sa'ad da aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, kuma ya sake tasowa da allurar korona.

Amma tarihin yana da ɗaya fuskar. Agana, wadda Hausawa ke kira 'yan rani, an kawar da ita daga Afirka ta Yamma a yaƙin rigakafin da aka fara a 1967, aka ga ta ƙarshe a Najeriya a 1970. Masu allurar ba su zauna a asibiti suna jiran mutane ba. Sun bi ta hannun sarakuna da dagatai, sun kafa tebur a dandali da kasuwanni ranar da suke ci, duk wanda ya miƙa dantse aka yi masa lamba ba tare da an nemi takardarsa ba. Yaƙin shan inna ma sai da ya koma wannan hanya kafin ya ci nasara: aka shigo da sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, aka sa masu ɗiga rigakafi a tashoshin mota da kasuwanni da kan iyaka, aka bi makiyaya har ruga.

Ƙasar Malumfashi tana da nata gurbi a wannan ilmi. A shekarun 1970 likitoci daga makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful da Jami'ar Ahmadu Bello suka yi shekaru suna bincike a can kan tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji, kuma sai da suka bi gida-gida suka ƙirga Hausawa da Maguzawa da Fulani kafin su iya cewa komai game da yawan masu ciwo. Murray Last, wanda ya rubuta tarihin Daular Usmaniyya, ya zauna da Maguzawan yankin, ya kuma wallafa wata maƙala a 1981 inda ya nuna cewa majinyaci a Malumfashi bai cika damuwa da dogon bayanin asalin cuta ba, yana zagayawa ne tsakanin boka da malam da asibiti yana gwada abin da ya samu. Darasin da ke ciki shi ne mutum ya fi bin wanda ya amince da shi fiye da bayanin da aka karanta masa.

2020: ranar da hanya ta rufe

An tabbatar da korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020. Ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Abuja, Ogun ta biyo baya. Jihar Kaduna ta riga ta kulle kanta kwanaki kaɗan kafin nan, ta kuma yi kwana 75 a haka. Gwamnatin Aminu Bello Masari, ɗan ƙasar Kafur, ta rufe iyakokin Katsina, aka kulle Daura a watan Afrilu bayan rasuwar wani likita. Daga baya gwamnatin tarayya ta hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ba a ɗage ba sai 1 ga Yuli.

A kan takarda wannan doka ɗaya ce ga kowa. A ƙasa kuwa, mu da ke kudancin Katsina mun san iyakar da ke tsakaninmu da Zariya ba ta wuce shekara 33 ba a lokacin, domin sai a 1987 aka cire Katsina daga Kaduna. Asibitin koyarwa mafi kusa da mutumin Funtuwa yana Shika ne, a wata jihar. 'Ya'yanmu suna karatu a Samaru, 'yan kasuwarmu suna sari a Sabon Garin Zariya da Kano. Layin da ba mu taɓa ɗauka a bakin komai ba ya wayi gari ya zama shinge da jami'an tsaro.

Lokacin da dokar ta faɗo ma ya ƙara mata nauyi. Afrilu da Mayu su ne watannin da mai cin rani ke tattara abin da ya samu ya koma gida sharar gona. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu. Samarinmu da ke acaɓa da dako da sayar da kayan miya a Legas da Abuja da Fatakwal suka rasa aiki a can, suka rasa hanyar dawowa. Wasunsu ma tun 1 ga Fabrairu hana acaɓa a manyan unguwannin Legas ya riga ya karya su. Jaridu suka cika da labarin matasan Arewa da aka kama ɓoye a cikin manyan motocin kaya da na shanu, ana nuna su kamar su ne cutar. An ce motocin abinci su wuce, amma shingaye sun yawaita, kuma tumatirin Ɗanja ba ya jiran a gama ciniki da mai shinge.

Mutumin Nijar kuwa ƙofa biyu aka rufe masa. Tun Agusta 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa saboda fasa-ƙwauri, korona ta zo ta sa Nijar ma ta rufe nata ɓangaren a watan Maris. Da aka buɗe wasu iyakoki a Disamba 2020, Illela da Maigatari suna ciki, Jibiya ba ta ciki, sai a Afrilu 2022. Mai ga-ruwa ko mai gadin da iyalinsa ke Maraɗi ya zaɓa: ya zauna ba ciniki, ko ya bi ta daji ya biya ninkin kuɗin mota.

Sai almajirai. A watan Afrilu gwamnonin Arewa suka amince kowace jiha ta mai da almajirai jihohinsu na asali. Aka loda yara a motoci, ɗaruruwa daga Kano zuwa Katsina, wasu zuwa Jigawa da Kaduna da Bauchi. Gwamnan Kaduna ya bayyana cewa 65 daga cikin waɗanda aka kawo masa daga Kano an same su da cutar. Wato a daidai lokacin da aka hana kowa motsi, hukuma da kanta ta yi jigilar yara a cunkushe daga jiha zuwa jiha, bisa hujjar cewa yaro ɗan inda aka haife shi ne, ko da ya shekara bakwai a tsangayar da aka ɗauko shi.

Akwai kuma sababbin baƙin da ba su zo neman kuɗi ba. A shekarar ne hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara. A watan Yuni aka kashe gomman mutane a Kadisau ta ƙasar Faskari. Ranar 11 ga Disamba aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Mata da yara suka cika azuzuwan firamare da kangaye da gidajen dangi a garuruwan da ke bakin titi. Wanda aka ƙone masa gida, me za a ce masa game da zaman gida da ba da tazara?

Da wane harshe aka yi shela?

A Turai da Amurka, in ana maganar baƙi da harshe a lokacin korona, ana nufin baƙon da bai iya harshen ƙasar da ya je ba. A wurinmu abin ya sha bamban. Bayaraben da aka haifa a Funtuwa yana jin Hausa kamar jakin Kano, haka mai shagon kayan gyaran mota da ya shekara talatin a Malumfashi. Hausa ce ta haɗa mu. Harshen da ya zo a baƙo shi ne na hukuma. Jawabin kwamitin shugaban ƙasa na kullum akasari da Turanci ake yi. Saƙonnin da hukumar NCDC ta riƙa turowa wayoyinmu da Turanci suke. An yi fassarori da Hausa da sauran manyan harsuna, gidajen rediyo sun yi ƙoƙari, amma fassara tana biyo baya ne, jita-jita kuwa da Hausa take tashi, cikin muryar WhatsApp da ba ta buƙatar iya karatu.

Ita kanta Hausar sai da ta yi lalube. Wasu kafafen suka ce korona, wasu kurona, wasu cutar sarƙe numfashi, wasu murar mashaƙo. Da cutar mashaƙo ta ainihi ta ɓarke a Kano a 2023, sunan ya riga ya sha amfani a wani wuri. Ƙyallen rufe baki da hanci aka kira shi takunkumi, kalmar da manomi ya sani a bakin jaki da kura. Ka ce wa dattijo ya sa takunkumi kafin ya shiga masallaci, sannan ka yi mamakin kallon da zai yi maka. Ga kuma cutar ta fara da waɗanda ke hawa jirgin sama, har ta ɗauke Abba Kyari ranar 17 ga Afrilu, sai talaka ya yanke cewa ta masu kuɗi ce. A Kusada hana sallar Juma'a ya kai ga ƙona ofishin 'yan sanda a ƙarshen Maris. Ana cikin musun ne aka yi ta binne dattawa a Kano, har ministan lafiya Osagie Ehanire ya faɗa a watan Yuni cewa an ƙirga mace-mace 979, kuma rabi ko fiye suna iya kasancewa na korona.

In haka ta faru da masu Hausa, ina ga waɗanda ke bayan Hausa? Tsohuwar da ke ruga, wadda Fulatanci ne harshen cikinta, saƙo yana isa gare ta bayan ya bi ta Turanci, ya bi ta Hausar kasuwa, ya bi ta bakin ɗanta da ya kai shanu. Buzun da ya zo bana da 'yar Hausarsa ta gaisuwa, in ya yi boko to Faransanci ya karanta. Dubban mutanenmu suna karanta ajami sarai, amma takardun gargaɗi da boko ake bugawa. Kowane tsani da saƙo ya taka, wani abu yana zubewa.

Lafiya kuma ba ta tsaya ga jiki ba. Ibo da Yarabawan da suka saba kai gawar babba gida, hana tafiya ya tsare su. Rufe coci da masallaci da tarukan ƙungiya ya yanke wa baƙo wurin da yake jin harshensu, yake zuba adashi, yake samun rance. Ɗan gari in kasuwa ta tsaya yana da rumbu ko ɗan'uwa mai rumbu. Baƙo abincinsa na yau yana cikin aikin yau, ga kuma gida ana jiran aike.

Sunan da ba ya cikin rumbun bayanai

Mu da sana'armu ita ce rubuta manhajar kwamfuta mun san wata ƙa'ida: rumbun bayanai ba ya ganin abin da ba a yi wa gurbi ba. Agajin korona ta irin waɗannan rumbuna ya biyo. Ranar 13 ga Afrilu 2020 shugaban ƙasa ya ba da umarnin a faɗaɗa rajistar gidajen marasa ƙarfi daga miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6. Rajista ce ta gidaje, ana tattara ta ta hanyar al'ummar da mutum ke zaune, saboda haka leburan da ke kwana a shago ba shi da layi a cikinta. Bashin naira biliyan 50 da Babban Banki ya ware ana nemansa ne ta intanet, da lambar BVN. Tallafin masu ƙananan sana'o'i da aka buɗe a watan Satumba shi ma cike fom ne a waya.

Dubi guraben da irin wannan fom ke tambaya: jihar asali, ƙaramar hukuma, adireshin gida, asusun banki, lambar waya. Wace jiha jikan ma'aikacin reluwe zai rubuta, wanda bai taɓa kwana bakwai a Ogbomosho ba? Wane adireshi makiyayi zai bayar? Mutumin Damagaram ba shi da gurbi ko ɗaya. Littafin harajin dagaci ne ya dawo cikin sabuwar riga, da bambanci guda: dagaci yana iya ɗaga ido ya ga mutum a tsaye gabansa.

A Disamba 2020, ana tsakiyar dawowar cutar karo na biyu, aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN ko a rufe, mutane suka yi cincirindo a ofisoshin rajista. Allurar farko ta iso ranar 2 ga Maris 2021, kusan miliyan 4, aka buɗe shafin rajista a intanet. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda tsaro, Funtuwa da Bakori da Malumfashi suna ciki, aka yi watanni a haka. A shekarar 2021 kuma kwalara ta kashe mutum kimanin 3,600 a Najeriya, Katsina tana cikin jihohin da ta fi taɓawa. Adadin ya zarce duk waɗanda aka tabbatar korona ta kashe a ƙasar, wato kimanin 3,155. Kwalara ma annobar duniya ce, ta shigo mana tun 1970, kuma ta fi samun wanda ke shan ruwan da ya samu, ya kwana inda dare ya yi masa.

Abin da tarihin ya bar mana

In aka jera annobobin nan, za a ga duk lokacin da aka yi nasara, zuwa aka yi inda mutane suke, ta hannun wanda suka sani. Haka aka yi da agana, haka aka yi da shan inna, wadda aka bayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agusta 2020, ana tsakiyar korona. Ilmin yana nan, ma'aikatan da suka san kowace ruga da kowace tasha suna nan. Duk lokacin da aka tsaya ga shinge da fom kuwa, baƙo ne ya fara faɗuwa, kuma cutar ba ta tsaya ba, ta bi ta bayan shingen a cikin motar shanu.

Tsarin mai masauki bai mutu ba. Dillalan kasuwar Ɗandume sun san masu zuwa musu duk mako, shugabannin tasha sun san direbobinsu, arɗo ya san rugagensa, manomin da ke ɗaukar 'yan ƙwadago ya san inda suke kwana. Babu abin da zai hana hukumar lafiya ta ƙaramar hukuma ta san waɗannan mutane tun kafin buƙata ta taso, ta tanadi masu naɗar saƙon murya da Hausa da Fulatanci da Buzanci da Zabarmanci, ta buga gargaɗi da ajami kamar yadda take bugawa da boko. Mu masu gina manhaja kuma muna iya buɗe gurbin da zai karɓi mutum da inda yake kwana yau da sunan wanda ya tsaya masa, maimakon garin da aka haifi kakansa.

Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne, wato ba ya daɗewa. A ƙasar Funtuwa da Malumfashi raɓar ta shekara ɗari tana sauka, da ita aka noma audugar da ta gina garuruwan, da ita ake noma masarar da ake lodawa zuwa Kudu. Bana ma in kaka ta yi za su zo, in rani ya tsaya sanƙarau zai leƙo ɗakunan da suke kwana. Allah Ya kare mu da su baki ɗaya.